Lafiyar Maza: Tambayoyi da Amsoshi Kan Furostet, Haihuwa da Ƙarfin Namiji

Akwai maganganun da namiji ba ya yin su sai da murya ƙasa-ƙasa, ko dai a gaban amininsa ko a wurin mai tallar magani a bakin tasha. Fitsari ya fara gardama. Gaba ta yi sanyi. An shekara biyar da aure ko ɓatan wata ba a yi ba. Likita shi ne na ƙarshe da ke jin labari, shi ma sai abu ya ci tura. Tambayoyin da ke nan su ne waɗanda na fi ji a bakin maza, amsoshin kuma daga abin da binciken likitoci ya tabbatar ne zuwa yanzu.

Mene ne furostet? Shi ne mafitsara?

A'a. Mafitsara ita ce jakar da fitsari ke taruwa a cikinta. Furostet kuwa wata 'yar tsoka ce mai girman ɗan goro da ke zaune a ƙarƙashin mafitsara, ta zagaye bututun da fitsari ke bi ya fita, kuma ita ke samar da wani ɓangare na ruwan maniyyi. Maza kaɗai ke da ita. Sau da yawa za ka ji an ce "kansar mafitsara" alhali kansar furostet ake nufi, kuma cututtuka ne biyu daban. Abu uku ke damun wannan tsoka: girman da take yi saboda shekaru, kumburi na ƙwayoyin cuta, sai ciwon daji. Na farkon ya fi yawa nesa ba kusa ba, don kusan rabin mazan da suka kai shekara 60 tasu ta ƙara girma, kuma wannan girman ba ya rikiɗewa ya zama kansa.

Ina tashi fitsari sau huɗu ko biyar cikin dare, kuma sai na yi nishi yake fita. Kansa ce?

Galibi ba ita ba ce. Furostet ce ta girma ta matse bututu, kamar mutum ya taka tiyo da ƙafa. Ciwon suga ma yana sa yawan fitsarin dare, haka kuma tabon tsohon ciwon sanyi da aka yi tun ana saurayi yana iya ƙuntata hanyar fitsari bayan shekaru ashirin. Abin da ya kamata a riƙe shi ne, kansar furostet a farkonta ba ta nuna alama ko ɗaya. Wanda fitsarinsa ke fita lafiya lau ba shi da tabbacin ya tsira, wanda kuma ke fama da fitsari bai kamata ya yanke wa kansa hukunci ba.

Na taɓa zama a layin ganin likita kusa da wani dattijo mai farar babbar riga, hannunsa na hagu a cikin riga tun da ya zauna. Da aka kira shi ya miƙe, sai na ga jakar fitsari ce yake riƙe da ita a ɓoye. Ɗansa ya ce min shekara uku Baba yana zuwa masallacin asuba a makare saboda jiran fitsari, bai gaya wa kowa ba, sai daren da ya ɗauke gaba ɗaya aka kawo shi yana murƙususu aka sa masa roba. Shekara ukun nan su suka fi ba ni tausayi, domin akwai magunguna masu sauƙi. Tamsulosin yana sassauta matsewar cikin kwanaki. Finasteride yana rage girman tsokar a hankali, cikin wata shida ko fiye, sai dai yana rage sakamakon gwajin PSA, wato gwajin jini na neman alamar kansar furostet, da kusan rabi, don haka mai shan sa ya gaya wa likita kafin a auna shi. Wasu magungunan mura na kemis suna iya ɗaure fitsarin mai irin wannan matsala. In fitsari ya ƙi fita sam, a tafi asibiti a daren, kada a jira gari ya waye.

Da gaske ne baƙar fata sun fi kamuwa da kansar furostet?

Da gaske ne. A Birtaniya, ƙiyasin da ake aiki da shi shi ne namiji ɗaya cikin 8 zai kamu a rayuwarsa, amma a cikin baƙar fata ɗaya ne cikin 4. A Najeriya ita ce kansar da ta fi kama maza. Wanda mahaifinsa ko ɗan'uwansa na jini ya yi ta, haɗarinsa ya ninka kusan sau biyu.

Dalilin yana da nasaba da gado, kuma a nan ne binciken ya daɗe yana ɗingishi, don yawancin jinin da aka yi nazari a kansa na Turawa ne. Wata haɗakar masana mai suna MADCaP, wadda ke da cibiyoyi a Senegal, Ghana, Najeriya da Afirka ta Kudu, ta fitar da sakamako a 2024 bayan nazarin ƙwayoyin halittar maza kusan 8,000 'yan Afirka, inda ta gano wasu alamomin gado masu ƙara haɗarin cutar waɗanda ba a cika samunsu a jikin Turawa ba. A shekarar kuma, kwamitin masana na mujallar Lancet ya yi hasashen cewa masu kamuwa a duniya za su tashi daga miliyan 1.4 a shekara a 2020 zuwa miliyan 2.9 a 2040, kuma ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi ne za su fi jin jiki.

To in je in yi gwajin PSA ko kada in yi? Na ji likitoci ma ba su daidaita ba.

PSA wani sinadari ne da furostet ke fitarwa, ana auna shi a jini. Yana hawa idan akwai kansa, amma yana hawa kuma idan tsokar ta girma kawai, ko ta kumbura, ko an sa robar fitsari kwanan nan. Shi ya sa hawansa ba hukunci ba ne, ƙararrawa ce ta a ƙara dubawa.

Saɓanin likitoci ya samo asali ne daga wani babban bincike na ƙasashen Turai da ya haɗa maza sama da 160,000 masu shekara 55 zuwa 69. Sakamakon farko a 2009 ya nuna gwajin ya rage mutuwa daga cutar da kusan kashi 20 cikin ɗari. Amma bayan bibiya ta shekara 16, lissafi ya nuna sai an gayyaci maza 570 gwaji, an gano cutar a jikin 18, kafin a ceci rai ɗaya. Da yawa cikin sauran suna ɗauke ne da kansa mai tafiyar hawainiya, wadda da an bar ta da ba za ta taɓa kashe su ba, amma aka yi musu tiyata suka koma fama da yoyon fitsari ko mutuwar gaba. Wannan ce damuwar Turawa: yawan gano abin da bai kamata a taɓa ba. Hoton MRI ya rage wannan matsala. A binciken PRECISION na 2018, kashi 28 cikin ɗari na mazan da aka fara yi wa hoton ba su buƙaci a tsaga su a ɗebo nama ba, kuma an fi gano kansa mai haɗari. Birtaniya kuma ta ƙaddamar da wani bincike mai suna TRANSFORM, na fam miliyan 42, wanda aka tsara shi da niyyar shigar da baƙar fata sosai, tunda binciken baya kusan bai ƙunshe su ba.

Ni a ganina, bai kamata mu ɗauko gardamar Turai mu yafa yadda take ba. Su suna kukan an gano da wuri fiye da kima. Mu kuma mafi yawan marasa lafiyarmu suna isa asibiti ne cutar ta riga ta shiga ƙashi, mutum na kukan ciwon baya da ƙugu, wani ma ƙafafu sun daina ɗaukarsa. Ƙungiyoyin da ke yaƙi da cutar a Birtaniya da Amurka suna ba baƙar fata shawarar su fara maganar gwajin da likita tun daga shekara 40 zuwa 45. Idan ka kai 45, ko 40 in akwai cutar a gidanku, ka je ka yi, ka kuma kai sakamakon wurin likitan da ya san fassararsa. Kada ka bar wa mai ɗakin gwaji ko mai kemis.

Idan an gano kansar, dole sai tiyata?

Ba dole ba ne. Binciken ProtecT na Birtaniya ya raba maza 1,643 da aka gano cutarsu da wuri gida uku: tiyata, gashi da na'ura mai ƙona kansa, da sa ido kawai tare da gwaji a kai a kai. Bayan shekara 15, a rahoton 2023, kusan 97 cikin ɗari cutar ba ta kashe su ba, ko wane rukuni suke. Bambancin shi ne cutar ta fi bazuwa a rukunin sa ido, kusan 9 cikin ɗari, a kan kusan 5 a sauran biyun. Ma'ana, wanda aka gano tasa da wuri yana da lokacin yin tunani da shawara da iyalinsa. Sa ido kuwa aiki ne: wanda ya san ba zai riƙa komawa asibiti ba, wannan hanya ba tasa ba ce.

Wadda ta bazu ma ba a sallama ta. Tun 1941 Charles Huggins ya nuna cewa wannan kansa da sinadarin namiji take rayuwa, in an yanke mata shi sai ta lafa, aikin da ya ba shi kyautar Nobel a 1966. Har yau a kan wannan ake tafiya, ko da allura duk wata ɗaya ko uku, ko da ƙaramar tiyata a maraina, wadda ta fi araha amma maza da yawa ke gudu. Binciken STAMPEDE ya nuna ƙara maganin abiraterone tun farko yana tsawaita rai, kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa shi cikin jerin muhimman magunguna a 2019. Akwai kuma sabon magani mai suna Pluvicto da Amurka ta amince da shi a 2022, wanda ke bin jini ya nemo ƙwayoyin cutar ya ƙona su daga ciki, sai dai tsadarsa ta fi ƙarfin kusan kowa a wajenmu.

Akwai abinci ko ƙwayar bitamin da ke kare mutum?

Babu ƙwayar da aka tabbatar. An gwada bitamin E da sinadarin seleniyom a kan maza sama da 35,000 a binciken SELECT, sai aka tarar masu shan bitamin E sun fi kamuwa da kashi 17 cikin ɗari. Rage ƙiba da barin sigari su ne ke da hujja, musamman wajen kauce wa nau'in mai tsanani.

Mun shekara huɗu ba haihuwa. Matata ta yi gwaje-gwaje iri-iri. Ni ma sai na yi, alhali lafiyata ƙalau wajen kwanciya?

Kai ya kamata a fara aunawa, don gwajinka ya fi nata sauƙi da araha, ba allura ba tsaga. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a 2023 kusan mutum ɗaya cikin 6 yana fuskantar matsalar haihuwa a rayuwarsa, kuma a kusan rabin ma'auratan da abin ya shafa akwai matsala ta ɓangaren miji, ko shi kaɗai ko tare da matar. Ƙarfin kwanciya daban, ƙwayoyin haihuwa daban. Namiji na iya zama cikakke a shimfiɗa, maniyyinsa da kauri, amma babu ƙwaya ko ɗaya a ciki. Ido ba ya gane wannan, sai madubin likita.

Wannan magana tana ci mini rai. Mata nawa aka ɗura wa jiƙe-jiƙe, aka yi musu gori a gidan miji, aka yi musu kishiya, wasu aka sake su, alhali ba a taɓa duba maigidan ba? Sai ta biyu ma ta zo ta zauna shiru, sannan a fara kallon-kallo.

Ana ba da maniyyi bayan an ƙaurace wa iyali kwana 2 zuwa 7. Ma'aunin hukumar na 2021 ya sa ƙasan iyaka a ƙwaya miliyan 16 a kowace mililita, da aƙalla kashi 42 cikin ɗari masu motsi. In sakamako ya yi ƙasa a sake bayan wata uku, domin jiki na ɗaukar kusan kwana 74 kafin ya ƙera sababbin ƙwayoyi, kuma zazzaɓi mai zafi kaɗai na iya karya adadin na ɗan lokaci.

Me ke lalata ƙwayoyin, kuma ana gyarawa?

Kumburin jijiyoyin maraina, wanda ake ji kamar tarin tsutsotsi galibi a hagu, yana cikin manyan dalilai kuma tiyata na gyara shi. Ciwon sanyin da ba a warkar da kyau ba yana toshe hanya. Hangum idan ya kama namiji bayan balaga yana iya sauka a maraina. Marainan da ba su sauko ba tun jarirai su ma dalili ne, shi ya sa ake so a gyara su yaro yana ɗan shekara ɗaya. Akwai kuma tsargiya, wadda yaran da ke wanka a rafi da madatsun ruwa suka sani da fitsarin jini: ƙwan tsutsar da ke kawo ta na iya maƙalewa a furostet da jakar maniyyi, har jini ya fito a maniyyi. Masana sun fara mai da hankali kan wannan ɓangare nata a 'yan shekarun nan, maganinta kuma praziquantel ne. Sai sigari, wiwi, tiramol da ƙiba.

Ƙwayoyin "ƙara maniyyi" kuwa, wani bincike a Amurka kan ma'aurata 2,370 ya gwada zinc da folik asid na wata shida, aka buga a 2020, bai ga ƙarin haihuwa ba. Ga wanda ƙwayoyinsa suka yi ƙaranci ƙwarai, akwai dabarar da aka fara a Beljiyam a 1992, inda ake ɗaukar ƙwaya ɗaya tak a cusa cikin ƙwan mace a ɗakin gwaji. Ana yin ta a Najeriya, da tsada. Manyan majalisun fiƙihu sun halatta dashen matuƙar maniyyin na mijin ne, ƙwan na matarsa, kuma auren yana nan.

An ce maniyyin mazan duniya yana raguwa. Haka ne?

Wani nazari na 2022 ƙarƙashin Hagai Levine, wanda ya tattara bayanai daga ƙasashe 53, ya ce matsakaicin adadi ya faɗi daga kusan miliyan 101 zuwa miliyan 49 a mililita tsakanin 1973 da 2018. Wasu masana suna ja da shi, saboda hanyar ƙirga ta canza cikin shekarun, kuma bayanan Afirka kaɗan ne a ciki. Ana zargin ƙiba, magungunan feshin gona da sinadaran roba. A 2024 masu bincike a Jami'ar New Mexico sun sami ɓurɓushin roba a cikin dukkan marainan mutane 23 da suka duba, amma samun abu a wuri bai tabbatar da cewa shi ke yin ɓarnar ba.

Gabana ya rage ƙarfi. An ce basir ne ko sanyi. Me zan sha?

Kafin ka sha komai, a auna maka suga da hawan jini. Basir kumburin jijiyoyin dubura ne, ba ya kashe gaba. Tashin gaba aikin jini ne, jijiyoyin wurin kuma sun fi na zuciya siranta, don haka su ke fara toshewa. Bincike da dama sun nuna raunin gaba kan riga ciwon zuciya bayyana da kimanin shekara 2 zuwa 5. Mutum mai shekara 45 da ya ga canji, jikinsa ne ke yi masa gargaɗi, kuma duk watan da ya ɓata yana shan maganin basir, sugan na ci gaba da cin jijiyoyinsa. Ga matasa kuwa, sau da yawa fargaba ce da damuwa. Wanda ke farkawa da asuba ya tarar gabansa a miƙe, alama ce jijiyoyin suna aiki.

Maganin ƙarfin maza na gargajiya fa? Ai ganye ne.

Wanda aka ƙulla a leda ko aka ɗura a gora ba ka san abin da ke ciki ba. Hukumomin kula da magunguna a ƙasashe da yawa sun sha kama kayan da aka rubuta wa "na ganye zalla", har da zuma da kofi, an cakuɗa su da sildenafil, wato sinadarin Viagra, ba tare da awo ba. Shi sildenafil, tun fitowarsa a 1998, magani ne mai aiki idan likita ya rubuta. Amma in ya haɗu da magungunan ciwon ƙirji irin waɗanda ake sawa ƙarƙashin harshe, jini na iya faɗuwa warwas mutum ya tafi.

Idan gaba ta miƙe ta ƙi kwanciya har awa 4, a garzaya asibiti. Jinin da ya maƙale yana kashe naman wurin, kuma in aka kwana biyu ana jin kunya, da wuya ƙarfin ya dawo. Masu sikila sun fi kowa fuskantar wannan, tun suna yara, don haka iyaye su gaya wa 'ya'yansu maza kada su ɓoye.

Minti nawa ne daidai? Ina ganin ina saurin kawowa.

An auna ma'aurata 500 a ƙasashe biyar da agogo a 2005, matsakaicin ya kama minti 5.4. Likitoci suna kiran abu saurin inzali ne idan kusan kullum bai wuce minti ɗaya zuwa uku ba, kuma yana damun mutum. Awa ɗayar da masu talla ke faɗa a lasifika ba ma'auni ba ne. Akwai man shafawa mai rage ji da ƙwayoyin da likita ke bayarwa. Tiramol yana jinkirtawa, gaskiya ne, amma yana kama mutum, yana jawo farfaɗiya, kuma a ƙarshe yana rage sinadarin namijin da sha'awar kanta.

Allurar testosteron, wato sinadarin namiji, tana dawo da ƙuruciya?

Tana taimakon wanda gwajin jini na safe, sau biyu, ya nuna nasa ya yi ƙasa kuma yana da alamomi. Binciken TRAVERSE na 2023, kan maza sama da 5,000 masu shekara 45 zuwa 80, ya nuna ba ta ƙara bugun zuciya ko shanyewar jiki ba, amma an ga ƙarin rikicewar bugawar zuciya, gudan jini a huhu da karayar ƙashi. Mai neman haihuwa ya nisance ta: tana sa maraina su daina ƙera ƙwayoyi, wani lokaci har adadin ya koma sifiri. Matasa masu ɗaga ƙarfe da ke yi wa kansu allurar gina jiki su ma wannan ya shafe su.

Akwai maganin tazarar haihuwa na maza?

Bai shigo kasuwa ba tukuna. Wanda ya fi nisa wani man shafawa ne da ake gogawa a kafaɗu kullum, haɗin nestoron da testosteron, ana gwada shi a ƙasashe da dama har da Kenya. Rahoton 2024 ya nuna kusan 86 cikin ɗari na mazan ƙwayoyin maniyyinsu sun ragu zuwa matakin da ake so cikin mako 15. Akwai kuma ƙwaya marar sinadarin jinsi mai lamba YCT-529 da ta wuce matakin gwajin farko. A yanzu dai kwaroron roba ne da tiyatar ɗaure bututun maniyyi.

Gaskiya abin da ke hana ni zuwa shi ne gwajin yatsa. Dole ne?

Ba a kowane zuwa ake yi ba, yawanci da jini ake farawa. Idan likita ya ga buƙata, zai sa ka kwanta ta gefe ka naɗe gwiwoyi, ya sa safar hannu da man santsi, ya taɓa furostet ta dubura don ya ji ko tana da tauri ko ƙulli. Ba ya kai minti ɗaya, kuma rashin daɗi ne ba zafi ba. Kana da damar neman likita namiji, da neman a ja labule a fitar da kowa. Kafin gwajin PSA ka ƙaurace wa iyali kwana biyu, ka faɗa in kana da zafin fitsari ko an sa maka roba kwanan nan, ka kuma tafi da kwalayen duk magungunan da kake sha, har da na gargajiya.